Shirun Lasifikar Tudu

Takardar ta kwana uku a jakar jitar Fumie Kuroiwa, da hatimin da take sa hannu da shi ɗaure a jikin takardar da roba. Layi shida ne kacal. Na farko ban haƙuri ne kan hayaniyar da ta jawo wa jama'a, wannan kam ko cikin barci sai ta buga masa hatimi, don mu nan ko wani ne ya taka maka ƙafa a jirgi kai ne za ka riga shi sunkuyawa. Layi na huɗu ne matsalar. Wai ta amsa cewa karin waƙarta daga wata waƙar ƙungiyar Tsatsa ta ɗauko shi, kuma ba za ta ƙara rera ta ba. Ɗan kamfanin da ke buga wa ƙungiyar kiɗansu faifai ya ba ta zuwa Litinin.

Shekara ashirin da biyu tana kiɗan rok a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na unguwar Koenji a Tokyo, irin na 'yan gefe, wanda rediyo ba ta san da zamansa ba. Da rana kuma tana cika kwalayen abinci a wani kanti. Tana da shekara arba'in da shida, gwiwarta ta fara ƙara in ta hau matakala da akwatin sauti. Ba ta taɓa tara mutum ɗari a wuri ɗaya ba, sai da ta yi wannan waƙa bayan rasuwar mahaifiyarta, wani mara aikin yi ya jera ta da ta Tsatsa a intanet, mutum dubu ɗari biyu suka zo kiranta ɓarauniya. Ga sunan da ta daɗe tana nema ya zo, da kayansa a ka.

Ranar Alhamis da azahar suna tsaye a rumfar taliya ita da Motoharu, mai gangarsu, wanda ya girme ta da shekara goma kuma bai taɓa barin ta manta ba.

"Ki buga kawai, Fumi-chan," ya ce, bakinsa cike. "Jar tawada ce fa, ba jini ba."

"Ban sata ba, Moto-san."

"Ni na ce kin sata? Amma ke ma bakinki ba ya shiru. Wa ya aike ki gaya wa ɗan jarida kina da faifan Tsatsa duka tara? Sau nawa kika je wasansu?"

"Goma sha huɗu."

"Tabɗi! Sha huɗu! Ki fito daga rumbu da dusa a gemu, ki ce iska kika je sha?"

Ba ta yi dariya ba. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, tana son Tsatsa, so na gaskiya. Tana son muryar Kirihata, mawaƙinsu, mai ƙara kamar ƙofar langa-langa, da yadda mai gangarsu ke jan ƙafa a baya kamar wanda aka tasa daga barci, da yadda suke waƙar ɗakin wanki da jiran bas cikin ruwa ba tare da sun yi wa kowa wa'azi ba. Har yanzu da magoya bayansu ke zaginta, faifansu ne a kunnenta.

Waƙoƙin biyu kuwa sun yi kama, ba ta musu. Karin yana hawa taki bakwai, inda na takwas zai zo sai a yi shiru na numfashi guda, sannan a sauko. Wannan shirun masu zagi suka riƙe. Wai har shirun ta sace.

Ita ta san inda ta samo. Kowane gari yana da karin da lasifikokin hukuma ke saki ƙarfe biyar na yamma don yara su bar wasa su koma gida. Na garinsu, Kurumidani, wani malamin kiɗa na firamare ne ya tsara shi. Lasifikar unguwar tudu kuma tun da guguwa ta taɓa ta take haɗiye taki na takwas, ba wanda ya gyara. Haka Fumie ke tunawa. Amma in tana jera shinkafa a kwali sai shakka ta kama ta. Wasa sha huɗu! Anya ba zuciyarta ce ta ƙago lasifikar nan don ta wanke kanta ba? In haka ne, to ɓarauniyar ce, kuma abin da ta kai wa mahaifiyarta kabari kayan sata ne.

Ranar Juma'a ta ɗauki hutu. Jirgi uku, bas ɗaya, ta sauka da ciwon baya a garin da ta bari tana da shekara sha takwas, wanda ba ta sake takawa ba tun da ta ɗauko mahaifiyarta zuwa Tokyo shekara sha biyar da suka wuce.

A ofishin gari ta tarar da wata matashiyar ma'aikaciya mai fara'a.

"Karin ƙarfe biyar? Ai waƙar Kirihata-san ce. Ɗan garin nan ne, ba ki sani ba? Babban birnin lardi suke rubutawa a takardunsu, amma a nan aka haife shi. Yau shekara goma muna saka ta don girmama shi."

Fumie ta dafa tebur. "Kafin nan fa? Na tsohon kaset?"

"Ayya, ki gafarce mu. An zubar da su lokacin da aka haɗe mu da garin gaba." Ta karanta sunan da Fumie ta rubuta a takardar baƙi, ta ɗago da tausayi. "Kin ga ke nan a nan kika ji ta, ba da gangan ba ne."

Kai, gara zagi da irin wannan kirki. Ta zo neman shaida, an ƙara mata laifi, kuma sai da ta sunkuya ta yi godiya.

Ta hau tudun makaranta a hankali saboda gwiwa. An rufe makarantar, ciyawa ta cinye filin. Gidansu ya zama wurin ajiye mota. Shagon awara ne kawai ya rage, da tsohuwa Tome a bakinsa, ta ranƙwafa har tana kallon ƙasa.

"Kaka, kin gane ni?"

Tsohuwar ta karkato kai. "'Yar Kuroiwa mai taurin kai. Kin tsufa. Ina uwarki?"

"Ta rasu bara."

"To. Ta riga ni, dama komai sai ta riga ni. Zauna."

Ta miƙo mata soyayyar awara a takarda. Fumie na cikin ci lasifikar da ke kan sandar gaban shagon ta yi tari, sabuwa fil, ta saki karin. Ɗaya, biyu, har bakwai. Fumie ta riƙe numfashi. Taki na takwas ya fito tas, ba shiru ko kaɗan.

Tsohuwar ta ja tsaki. "Kin ji ɓarnar 'yan ofis? Yaron nan mawaƙi ya bar musu gurbin a waƙarsa, mai haɗa na'urar ya ɗauka kuskure ne ya cike. To a ina za a kira yaro?"

"Kira?"

"Au, kin manta? Lasifikar nan kurumta mutum take yi. In ta haɗiye muryarta, nan ne kaɗai uwa ke samun ta ƙwala wa ɗanta kira ya ji daga filin makaranta. Duk matan tudun nan a bakin ƙofa muke jira, ludayi a hannu. Uwarki kullum ita ce ta farko. Fumieee! Kamar an taka kyanwa." Ta yi dariya ba haƙora. "Bayan kin tafi sai matar mai gyaran keke ta gaje ta. Nobuuu! Shi ne wannan Kirihata da suke ta yi wa hoto. Majina har baki."

Fumie ta ajiye awarar a cinya. Sau sha huɗu ta ga Kirihata a kan dandali, kuma duk lokacin da ya kai shirun nan sai ya waiga baya, ta kafaɗar hagu. Ta ɗauka salo ne. Ta taɓa rubuta wa wata mujalla cewa salo ne mai zurfi.

Ba ta yi kuka ba, gajiya ce kawai ta sauko mata har tafin ƙafa, da wani sanyi a ƙirji. Ba ta sata ba. Shi ma bai sata ba, ko kuwa duk su biyun sun sata, daga malamin da ya mutu da lasifikar da aka zubar.

"Kaka, za ki iya faɗa wa mutane haka?"

"Waɗanne mutane? Jikata ma cewa take na rikice."

Ranar Litinin Fumie ta sa baƙar riga ta je kamfanin. Ta sunkuya sosai, ta ba da haƙuri kan hayaniyar, da bakinta kuma da zuciya ɗaya. Sannan ta ajiye takardar a tebur fara yadda aka ba ta, ta mayar da hatiminta aljihu. Manajan ya saurari labarin tudun har ƙarshe, ya tambaya ko akwai kaset. Babu. Ko Kirihata-san zai yi magana? Lauyoyinsa sun hana a kai masa ko wasiƙa. Ya ce abin da wuya, mu kuwa mun san ma'anar wannan. Kafin Laraba an janye faifan daga kantuna, wurare uku sun soke wasansu.

Wuri ɗaya ya rage, wasan rana ranar Lahadi, a wani ɗaki ƙarƙashin shagon aski. Suna ɗaura wayoyi ta ba Motoharu labarin duka.

"To," ya ce, yana ɗaure farantin ƙarfen gangarsa. "Kin sayar mana da faifai kin sayo labarin mai awara. Kasuwa ta yi kyau."

"Yi haƙuri, Moto-san."

"Rufe mini baki. Da me za mu rufe?"

"Da ita."

Mutum goma sha ɗaya suka zo, biyu daga ciki sun ɗaga waya suna jiran abin da za su kai intanet. Fumie ba ta yi wa kowa bayani ba, ta gaji da bayani. Ta kai waƙar ƙarshe, ta hau karin. Biyar, shida, bakwai, ta ɗauke hannu daga jita.

"Fumieee!"

Daga bayanta ne, daga kan ganga, muryar tsohon banza mai shan taba, ko kusa ba ta yi kama da ta mahaifiyarta ba. Amma kafin ta sani ta waiga.

Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa makara shiga waƙa ba. Ranar nan ta tsaya da bakinta a buɗe, hawaye na bin haɓarta, Motoharu ya ci gaba da riƙe mata kiɗan shi kaɗai, zagaye ɗaya, zagaye biyu, yana jiran ta dawo.