Wuyan Auta

Kwana huɗu Auta ta yi tana ɗinki tana dafe ƙeya. Shagonmu ɗaya, kekena na fuskantar nata, don haka duk yatsinar da ta yi a kan idona ne. Ta ce ciwon daga bayan kunnen hagu yake tasowa ya hau kai, kuma bai yi kama da wanda ta saba ji ba. Ni kuwa da ba a faɗar ciwo a gabana ban rubuta magani ba, na ce duk telan da ya shekara goma a duƙe haka wuyansa yake, ta tashi in kai ta wajen mutumina.

Mutumin nawa mai gyaran wuya da baya ne, ɗakinsa na saman wani bene a bayan kasuwa. Shekara biyu ina zuwa wurinsa, babu wanda ban yi wa tallarsa ba, har mai kawo mana zare. Auta ta ce ita tsoro take ji, ta fi son asibiti. Na ce can wuni za ta yi a layi, a ƙarshe a miƙo mata farar ƙwaya. Ƙanwata ce da na goya, ba ta iya musu da ni ba. Ta ɗauki mayafinta.

Ɗakin fes, shi da farar riga, ga ƙashin baya na roba a rataye a kusurwa. Tambaya ɗaya ya yi mata, ina ke ciwo. Ya kwantar da ita rigingine, ya tallafi kanta da tafukansa yana ɗan jijjigawa, ya tambaye ta 'ya'yanta nawa. Tana cikin ba shi amsa ya murɗa. Ƙarar ta fito kamar an taka busasshen kara. Ni in aka murɗa min wuya, dariya nake yi, amma ita ba ta yi ba. Ta tashi zaune ta riƙe bakin gado da hannu biyu, ta ce ɗakin na juyawa, sai amai a kwandon shara. Ya miƙa mata ruwa yana murmushi, ya ce jini ne ya sami hanya, ta je ta huta. Na taya shi, na ce ai ni ma ranar farko sai da na ga jiri. Ban ga wani jiri ba, na faɗa ne don kar ta ba ni kunya.

Goma da ɗan wani abu muka koma shago, a kafaɗata ta sauko benen. Ta zauna za ta sa zare a allura, ta yi ta kuskurewa. Na ce tsufa ya tsallake ni ya je wajenta. Ta ce allura biyu take gani. Na shimfiɗa mata a benci bayan labulen da mata ke gwada kaya, na koma kan wata riga da mai ita ta ce da azahar za ta zo karɓa.

Shaƙuwarta ce ta tashe ni daga kan keke, wajen ƙarfe biyu, wata irin shaƙuwa mara tsayawa. Na ɗaga labule. Fatar idonta na hagu ta sauko rabi. Na ba ta ruwa, ya dawo ta hanci, ta sarƙe har idonta ya yi ja. Ta ce "Yaya", amma da wata murya dusasshiya da ban san ta da ita ba. Gabana ya faɗi.

Duk da haka mai gyaran wuyan na kira a waya. Ya saurare ni ba ko gezau, ya ce gefe ɗaya aka gyara, shi ya sa, in kawo ta ya murɗa ɗaya gefen su daidaita. Na tsayar da tasi, ni da maƙwabciyarmu mai sayar da maɓalli muka cicciɓe ta, duk takun da ta yi hagu take faɗawa.

Direban dattijo ne, yana tuƙi yana kallonta ta madubi. Ya tambayi abin da ya same ta, na faɗa masa, har da inda za mu. Ya sake kallonta ta madubi.

"Baiwar Allah, ni ba likita ba ne," ya ce. "Amma yarinyar nan ba zan kai ta a sake taɓa mata wuya ba."

Na hau shi da faɗa, na ce tuƙi na ɗauke shi ba shawara ba. Shi kuwa ya karya kan mota zuwa asibiti. Kan Auta na kan cinyata, miyau na zuba a zanina, ina jin shaƙuwar a jikina.

Ba a sa mu a layi ba. Likitar tana ganin idon ta tambaya ko wani ya taɓa mata wuya, sannan ta tambayi lokacin da jirin ya fara. Na so in ce yanzun nan. Na ce goma. Ta kalli agogon bango, ya kusa ƙarfe huɗu, ta rubuta.

Bayan an ɗauki hoton kanta ta kira ni gefe. Ta ce akwai jijiyar jini da ke bi ta cikin ƙasusuwan wuya zuwa ƙwaƙwalwa, ta Auta ta tsage daga ciki, jini ya daskare ya toshe wani wuri. Ta ce ba za ta iya rantsewa murɗar ce ta tsaga ta ba, mai yiwuwa ciwon kwana huɗun nan tsagewar ce ta fara, murɗar ta ƙarasa. Akwai maganin da kan narkar da jinin, amma lokacinsa ya wuce. Na tambaya ko za ta tashi. Ta ce kwana biyun nan su za su nuna, mu sa ido kan numfashinta.

La'asar sakaliya mijinta ya iso da kayan aikinsa a jiki, hannunsa duk baƙin mai. Ya tsaya a kanta yana kallon robar da aka zura mata ta hanci. Ya tambaya wa ya kai ta wurin mutumin nan, a hankali, kuma ba ni yake kallo ba.

Auta ta motsa baki. Maganar ta fito a dame, ya sunkuya har kunnensa ya kusa taɓa leɓenta, bai gane ba. Ta sake maimaitawa. Ni na gane, tun tana gwaranci ni ke gane maganarta. Ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, me ta ce?"

"Ta ce ita ta kai kanta," na ce. "Ƙarya take yi. Ta ce min tana jin tsoro, ni na ja ta."