Ƙwandala Ɗaya Ba Magana

Shekara goma sha tara ina raba kati a wani kulob na cacar poka a garin Juniya, kuma rabin abin da na sani daga bakin Abu Wadi na tsince shi. Karatunsa guda ne, yana maimaita shi har mutum ya gaji: idan katinka ya fi ƙarfi, zuba kuɗin da zai sa abokin karawarka ya ji tsadar ganin kati na gaba.

"Hiyam, 'yata," yakan ce mini, "mai sayar da kati da araha, shi ma da araha za a saye shi."

Wannan kafin ciwon shanyewar jiki ya kama shi ne. Ya tashi da hannun dama a mace, harshe kuma ya yi nauyi. Kansa dai garau. Ɗansa Wadi ne bai yarda ba. Ya zo daga Kanada da takardun gidan tsofaffi a jaka, yana so a sayar da gidansu na unguwar Zuk, inda tsohon ya yi shekara arba'in da marigayiya matarsa.

Ranar Lahadi da azahar suka shigo tare, ana gab da fara gasa. Wadi ya ce a gabana, yana murmushin da ya ba ni haushi:

"To Baba, ga fili. Ka kai teburin ƙarshe, in yaga takardun nan. In ba ka kai ba, ka sa hannu, mu huta."

Tsohon ya gyaɗa kai.

Mutum sittin suka zauna. Zuwa la'asar saura goma, teburin ƙarshe kuwa tara yake ɗauka. Duk yinin Abu Wadi bai furta ko kalma ba. Da hannun hagu yake tura tulin ƙwandalolin roba, kowa ya ga yawansu ya gane nufinsa. Amma hannun na rawa, tulin na zubewa, wasu har suna ƙunshe dariya. Da aka tafi hutun shan gahawa sai tausayi ya ɗebe ni, na canza masa ƙananan da babba guda, ta dubu ashirin da biyar. Har na ji na yi abin kirki.

Aka dawo. Ramzi ne a gefensa, wanda Abu Wadi ya koya wa wasan tun bai iya riƙe kati ba, ya ci abinci a gidan Zuk ya fi a ƙirga. Kati huɗu na kan tebur, saura ɗaya. Ramzi ya jefa dubu biyu, irin ta mai lallaɓawa. Duk wanda ya san wasa ya san jan kati guda yake jira ya cike masa biyar iri ɗaya.

Abu Wadi ya ɗauki babbar ƙwandalar ya ajiye a tsakiya. Bakinsa ya buɗe, leɓe na motsi, jijiyar wuya ta miƙe. Babu abin da ya fito.

Doka ce a kowane tebur: ƙwandala ɗaya, in ba ka ce "na ƙara" ba, bi kawai ka yi, wato ka biya daidai abin da aka zuba, komai girmanta.

"Bai yi magana ba," in ji Ramzi.

"Haba Ramzi, ka ji tsoron Allah," in ji wani likitan haƙori daga can ƙarshen tebur. "Kowa ya ga abin da Kawu yake nufi."

"Ni na rubuta dokar? Shi ya koya mini ita. Hiyam, ke ce mai tebur, faɗi."

Bai ko kalli tsohon ba. Farcensa yake dubawa.

Na san nufin Abu Wadi kamar yadda na san sunana. Da an karɓi dubu ashirin da biyar ɗin, dole Ramzi ya ajiye katinsa ya janye. Amma manaja na tsaye a bayana, ina da 'ya'ya biyu a makaranta, doka kuma doka ce. Na ce, "Bi ne." Na mayar wa tsohon canjin dubu ashirin da uku, ƙanana, irin waɗanda na raba shi da su ɗazu.

Na buɗe kati na biyar. Ja.

Ramzi ya zuba dubu goma sha huɗu. Bai yi yawan da za a gudu ba, bai yi kaɗan ba, daidai yadda aka koya masa. Abu Wadi na riƙe da sarakuna uku, ya biya, amma jajaye biyar na Ramzi suka cinye su. Abin da ya rage masa bai kai shi zagaye biyu ba. Ya fita na goma.

Wadi ya matso kusa da ni yana saka wa uban kwat.

"Kin gani ko? Dokar da ko ni na sani, ya manta."

"Bai manta ba," na ce. "Ni ce na..."

"Na gode, Madam. Kin yi aikinki."

Ban taɓa jin godiya mai ɗaci irin wannan ba.

Sun kai bakin ƙofa tsohon ya fizge hannunsa, ya dawo yana jan ƙafa har gaban teburina. Ramzi ya sunkuyar da kai cikin tulin da ya ci. Abu Wadi ya dafa tebur, ya tattara duk ƙarfin da ya rage a fuskarsa, gumi na bin goshinsa. Na ɗauka zagina zai yi, kuma wallahi da na fi son haka.

Ya ce, tar, kowa ya ji:

"Na ƙara."

Wadi ya riga ya zaro biro daga aljihu.