Hannun Yusufu Wanzami

Yusufu ɗan wanzamai ne a Maska. Ya shiga soja, aka kai su Kwango, ya dawo a 1963 ba rauni a jikinsa, amma hannunsa na dama rawa yake yi. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa zabira da asake, kuma ba shi da wata sana'a sai aski.

Wani mai magani a kasuwar Funtuwa ya sayar masa da garin zaƙami, ya ce ya riƙa zubawa a kunu. In ya sha, hannun yakan tsaya, zuciyarsa ta yi shiru. Amma shirun buguwa ne, kada kowa ya ba shi wani suna. Ran nan yana yi wa Sada mai auduga aski ya yanke masa gefen kunne, jini na zuba shi kuwa yana murmushi. Daga ranar ba wanda ya ƙara miƙa masa kai.

Dogo ne ya same shi a gindin tsamiya. Bamaguje ne, manomi, tsohon sojan da ya yi yaƙin ƙasar Bama, can Asiya.

"Kai soja, an ce ka koma mahauci."

"Baba Dogo, in ban sha ba hannun ba ya tsayawa."

"In ka sha kuma kai ne ba ka tsayawa. Matsa in zauna."

Dogo ya ba shi labarin wani tsoho da ya gani a Bama, cikin masu bin addinin Buda, kansa ƙwal, da mayafi ruwan ɗorawa. Igwa na tashi a bayan dutse, tsohon nan yana zaune ya tanƙwashe ƙafa, ko gira bai ɗaga ba.

"Na ce wa tafinta ya tambaye shi me ya sha, ni ma ina so. Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce bai sha komai ba, numfashinsa yake bi. Ya ce wanda ya sha abu, gobe sai ya ƙara, jibi kuma ya ninka."

"Baba, ni Musulmi ne."

"Ni na ce ka bar sallarka? Hancin naka ne, iskar ma taka ce. Zauna kawai, ka ji shigarta, ka ji fitarta. In Kwango ta zo maka, bar ta ta wuce, ka dawo hanci."

Abin bai zo da sauƙi ba. Satin farko da ya bar zaƙami ya yi ta zufa, yana faɗa da kowa a gida. Kullum bayan la'asar yakan zauna a bakin gonar Dogo, kuma yawancin zaman ba natsuwa ba ne, tunanin abokansa ne da aka binne a Kwango. Sau ɗaya ya koma wa garin maganin. Dogo ya gane daga idanunsa.

"Je ka kwanta. Yau ba kai ba ne, ba zan ɓata bakina ba."

Yusufu bai ƙara sha ba. Aka cire auduga, aka kai dawa rumbu, yana nan yana zaman bin numfashinsa. Rawar hannun ba ta tafi duka ba, amma ya fara jin zuwanta kafin ta iso.

Ranar kasuwa Dogo ya zo rumfar Yusufu, ya cire malafa a gaban mutane, ya zauna a tabarma.

"Aske. Watanni uku ina tara maka gashin nan, matata har ta fara kirana tunkiya."

Mutane suka taru, wasu don su ga jini. Yusufu ya wasa aska, ya jiƙa gashin, ya fara daga goshi. Da ya kai ƙeya sai ya ji rawar tana tasowa daga kafaɗa. Ya ɗaga askar sama, ya tsaya.

"Ka mutu ne?" in ji Dogo, bai waiwayo ba.

"Numfashi nake, Baba."

"To yi. Kan yana nan."

Ya yi numfashi huɗu ko biyar, ya mayar da aska, ya gama. Dogo ya shafa kansa, ya duba tafinsa, ya ɗaga wa mutane: ba ɗigon jini.

Yawancinsu suka watse, ba su yarda ba tukuna. Amma Rabe mai gishiri ya tsaya yana sosa gemu, can ya cire hularsa.

"Ni gemu kaɗai za ka gyara mini. Askin kai sai wani satin, in na ga Dogo da rai."

Yusufu ya ce, "Zauna, Malam Rabe," ya jawo ƙwaryar ruwa.