Gungumen Ɗinya

…kuma gungumen nan sai juyawa yake a kan inji. Riƙe kurfin fafewar da kyau, Tasi'u. Ɗora shi a kan ƙarfen da ake jingina shi, kada ka danna, bari itacen ya zo ya same ka — haka Oga Elisha ya ce kafin ya hau babur ya tafi aikinsa na jami'a, ya bar ni da injinsa na juya itace a rumfar da ke bayan gidansa. Wai ya zo ya same ni. Abin da ke juyawa kamar tayar tirela a kan gada, shi zan tsaya jira?

Ni fa mai awon hatsi ne a bakin titi. Mudu na sani, buhu na sani. Furfura ta fara leƙowa, wai yanzu nake koyon fafe akushi. Ɗan Haladu masassaƙin Indabo, wanda har daga Kano ake zuwa neman aikinsa, ga ɗansa nan bai san ta inda ake kama gizago ba.

Akusan gwajin duk sun lalace. Ɗaya ya tsage, ɗaya ya yi tsalle ya bar injin ya daki kwanon rufi, har kajin Oga Elisha suka watse. Itacen mangwaro ne, ko a jikina. Wannan kuwa… wannan ba shi da na biyu. Gungumen ɗinya ne da Baba ya ajiye a ƙarƙashin rumbu tun kafin ciwon.

Baba ba ya cin abinci. Abin da ya kawo ni ke nan, kada in manta. Tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, magana ta daina fita, da hannun hagu yake lallaɓawa. Ran nan akushinsa ya suɓuce ya rabe biyu. Matata Sakina ta zuba masa tuwo a kwanon silba, ya kau da kai. A roba, ya kau da kai. Loma biyu, shi ma sai da roƙo. Wuyansa ya zama tsinke, ina tsoro, wallahi ina tsoro.

A hankali — akushin ya fara zurfi. Garin itace a hanci, a gashin ido, har cikin baki.

Baba ne ya nuna mini rumbun da hannun hagu. Na jawo gungumen, ya gyaɗa kai, idonsa ya yi haske. Yana ta turo wani abu da ƙafarsa mai lafiya daga gefen tabarma, ban tsaya dubawa ba, ni da nake ta sauri in ɗaure kaya a babur. Na ce, Baba kwantar da hankalinka, akwai inji a Wudil, wuni ɗaya an gama.

Wuni ɗaya. Bakina ne dai.

Ya kamata in tsayar in auna gindin da yatsa, Oga Elisha ya gargaɗe ni. "Malam Tasi'u, ka tuna da kusoshin da suka riƙe shi ta ƙasa, kada ka zurfafa." To in na tsayar aka ɗauke wuta fa? Jiya tun hantsi aka ɗauke, ba a dawo da ita ba. Wata ranar kuma Baba zai wuni da yunwa? Kaɗan ya rage. Shafa ɗaya, in share tudun nan na tsakiya…

Baba, lokacin da yake da lafiya, ba ya aunawa da komai. Ƙwanƙwasawa yake da gaɓar yatsa, ya karkata kunne, ya yi shiru. Ƙwas, ƙwas, ƙwas — ƙarar gizago tun da sassafe, ita ke tashina ina yaro, na tsane ta. Zo ka zauna nan, Tasi'u. Ina zuwa, Baba. Sai tasha, sai kasuwar Juma'a, ko'ina ban da gindin bishiyar nan inda yake sassaƙa.

Mene ne wannan? Ƙirrr — ƙarfe ya ci ƙarfe.

Kashe. Kashe shi mana. Ina makunnin yake… Yana rage gudu, yana ragewa, ya tsaya.

Ba komai ba ne. Ƙila ɗan ƙarce ne. Bari in kwance shi, in ɗaga wa rana — a'a. A'a. Ga haske nan yana ɗigowa ta gindin, ɗan mitsitsi, bai fi ƙwayar gero ba. Ga wani kusa da shi.

A toshe da ƙaro? Da gam? Miyar kuka da zafinta za ta bi ta sauka a cinyarsa, a ɓarin da ba ya ji, ba zai ma sani ba sai ya ƙone. In kuma ya shafa da babban yatsa — zai shafa, shi ne farkon abin da zai yi — ya ji sumul ko'ina, babu sawun hannun kowa…

Me Sakina ta ce mini jiya ina cire takalmi? Ban saurara ba, na gaji. Ta ce tun ranar da ka tafi da itacen nan Baba yake wuni a zaure, gizagonsa a kan cinya, yana kallon ƙofa. Har tabarma ya sa aka shimfiɗa a gefensa, babu kowa a kai.

Gizagon yake turo mini da ƙafa. Na tsallake shi. Da ƙafata na tsallake shi.

Ana kiran azahar. Na ɗora akushin a kan cinyata. Akushin ba nauyi, amma na kasa tashi… kuma babu sauran gungume a ƙarƙashin rumbu.