Batirin Agogon Kwamfutar Bahijja

Tun da mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, Bahijja ba ta iya barin gidansu a Yakasai, sai ta koma karatu ta intanet. Kullum ta kunna kwamfuta, sai agogonta ya koma shekarun baya, shafin makaranta ya ƙi buɗuwa har sai ta gyara kwanan wata.

Ta kira Malam Mikail mai gyara a waya.

"Ƙaramin batirin ciki ne ya mutu, Malama. Kawo ta Ƙofar Ruwa in canza miki."

Ta yafa mayafi ke nan, Baba ya kira ta da ƙyar, yana so a juya shi. Ta cire mayafin ta shiga wurinsa. Washegari ma da hannu ta gyara agogon.