Lambar da Aka Yanke da Reza

Jami'in walwalar tsofaffin sojoji ne ya yaga rigar Saja. Shi da hannunsa, da reza, a ƙofar filin fareti, a gaban jama'a. Duk wanda ya ce ƙusa ce ta kama ta ƙarya yake yi, domin matar Saja tana tsaye a wurin, kuma haƙora ne kawai suka gudu suka bar ta, idonta garau yake.

Ita ce ta ɗinke lambar yabonsa ta yaƙi a jikin rigar. Saja ya baro yatsu uku na hannun dama a yaƙin da aka tura su wata ƙasa, don haka ba ya iya maƙala fil. Duk shekara ranar faretin tsofaffin sojoji sai ya soki ƙirjinsa. Da ta gaji da wanke jini, ta cire fil ɗin ta yar, ta samo zare mai ƙwari ta yi wa lambar ɗinkin mutu-ka-raba. Shekara talatin ke nan ana wanke rigar da ita, ana guga ana kewaye ta.

Ran nan sun isa ƙofa, jami'in ya tare su da takarda a hannu.

"Baba, wannan mai jan kyallen ba ta cikin tsari. Gwamnatin waccan ƙasar ce ta ba ku. A cire."

Matar ta jira Saja ya yi tsawar da yake yi mata in ruwan wanka ya huce. Ina! Sai bawan Allah ya haɗa ƙafa ya ƙame, ya turo ƙirji, kamar yaron nan janar ne. Jami'in ya lalubi fil bai samu ba, ya zaro reza. Riga ta tsufa, reza sabuwa. Ƙiii! Lamba ta fita da tsokar yadi, singileti ya leƙo.

Jami'in ya dubi ramin, ya dubi takardarsa.

"Sai haƙuri, Baba. Ba a shiga fareti da yagaggiyar riga."

Su uku suka rage a rukuninsu: Saja, da Dogo, da Kuku. Waɗancan biyun suka zare nasu lambobin suka tura aljihu, suka wuce kansu a ƙasa. Saja ya zauna a bakin kwalbati. Da aka buga badujala, ta ga ƙafafunsa na dukan ƙasa, hagu, dama, hagu, shi kuwa yana zaune. Tun daga ranar bai ƙara tambayar ta ina rigarsa ba.

Ranar Litinin ta naɗe rigar a leda ta nufi ofishin jami'in. Ta hau bene tana hutawa a kowane tsani na biyar. Tana shiga ta tsaya cak. A bango, bayan teburin jami'in, ga hoto ya fi ƙofar ɗakinta girma: Saja ne yana sara wa tuta da yatsunsa biyu, lambar nan mai jan kyalle tana ƙyalli a ƙirjinsa. Har ɗinkinta ana gani.

"Ɗan nan, ni ban yi boko ba. Karanta mini abin da aka rubuta a ƙasan mijina."

Jami'in ya juya, ya yi gyaran murya. "Ba za mu manta da ku ba."

"Madalla. Shi na bangon an ba shi izini ne?"

"Mama, wannan hoto ne."

"Na ga hoto ne, ai ban ce ya zo mu ci abinci ba. Na bango ya saka, mai numfashi ya cire?"

Ya jawo fayil ya yi mata bayani a hankali, yadda ake yi wa kurma. Doka ta yarda a karɓi lambar ƙasar waje, ta yarda a ajiye ta. Sakawa ce sai kwamiti ya amince.

"To ina kwamitin? Kira mini shi."

"Bai zauna ba tukuna."

"Tun yaushe yake tsaye?"

"Tun da aka dawo daga yaƙin. An dai naɗa mutum biyar." Ya duba takarda. "Huɗu sun rasu."

"Allah ya jiƙansu. Na biyar ɗin fa?"

"Shi kaɗai ba zai iya zama ba, Mama. Sai da mutum uku."

Shi kuwa, don ya nuna shi mai tausayi ne, ya rage murya ya ce akwai sauƙi a dokar: idan tsohon soja ya rasu, ana jera dukan lambobinsa a kan makara, har ta wajen. Wannan ba ya buƙatar kwamiti.

"Au! Ashe mutuwa ce izinin. Da ka faɗa tun a ƙofa, ai da mun san abin da muke jira."

Ta kwance leda ta shimfiɗa rigar a kan fayilolinsa, ramin yana kallon sama. Ta ajiye lambar a gefe, da allura, da zare. Ta jawo kujerar baƙi ta zauna, ta tuɓe takalma.

"Da kuka ɗora shi a jirgi ba kwamitin da ya zauna. Da yatsunsa suka tafi ba wanda ya ce na ƙasar waje ne. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji, ban sani ba ko zai ga faretin baɗi. Na bana kuwa kai ka cinye masa. Ga allura nan, kai ka yanke, kai za ka mayar, ni zan zura maka zaren. In ka gama, ka kira mini wanda ya sa hannu a takardar nan, da sunansa da fuskarsa. Ya zo ya tsaya a ƙarƙashin hoton nan ya gaya mini wa zai biya mutumin nan faretinsa. Ina nan zaune."