Ranar da Aka Ɗauke Tankar Garinmu

Wani sauti ne ya tashi Orval Tiedeman tun da sauran duhu, kamar nishin saniya mai naƙuda, sai dai wannan saniyar ta ƙarfe ce. Nishin ya yi tsawo, ya yanke, ƙarar sarƙa ta biyo baya, gilashin taga ya ɗan yi rawa. Ya juyo da kunnensa mai ji, don ɗayan ya mutu tun yana yaro, ya yi ta saurare. Ya ce ko jirgin ƙasan masara ne, ko da yake an daina bin layin da daɗewa. Barci ya sake kwashe shi.

Da hantsi ya fito a tsohuwar a-kori-kurarsa zai je shan gahawa a gidan mai. Yana zuwa gaban zauren tsoffin sojoji na Elm Fork ya taka birki a tsakiyar titi. Dakalin siminti yana nan. Tutar tana nan. Tankar yaƙin da ta shekara arba'in da ɗoriya a kan dakalin ce babu, sai dogayen layuka biyu na tsatsa inda ƙafafunta suka zauna, da ciyawa fara sol wadda ba ta taɓa ganin rana ba.

Lyle Kucera, shugaban zauren, yana tsaye da kofin takarda a hannu.

"Ina take?" in ji Orval.

"Ka matsar da motarka tukuna, tsoho, ka tare hanya."

"Lyle, ina take?"

"Masu ita sun zo sun ɗauka. Ka manta aro soja suka ba mu? Mu huɗu muka rage a zauren nan, biyu ba sa iya hawa matakala. Ginin ma an sayar. Wani gidan tarihi a jihar Kansas ne ya nemi a ba shi ita, ita takamaimai." Ya kurɓi gahawarsa. "Kai ka jawo ai."

"Ni?"

"Hoton da muke aika wa soja duk shekara don su ga ba mu bar ta ta lalace ba, wa yake ɗauka? Bara ka cusa wani hoton na lambar da ke gindinta, ka ce bari su ga abin mamaki. To sun gani. Ashe cikin na farko-farkon da aka ƙera take, irinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba."

Orval ya riƙe ƙofar motar. "Za su buɗe ta?"

"Su buɗe, su wanke, su yi mata fenti, har injin za su tayar in ya yarda. Na manna takarda a ƙofa tun bazara, ba mai karanta takarda a garin nan. Kai lafiya? Ka yi fari kamar ciyawar can."

Shekarun Orval saba'in da huɗu. A aji takwas ya bar makaranta, ya yi aikin rumbun hatsi har gwiwoyinsa suka gaji. Kunnen nan ya hana shi shiga soja, wansa Delbert ne ya tafi Vietnam ya tuƙa tanka irin wannan, ya dawo ba ya son maganar. Shi kuwa Orval da bai je ba, sai ya kamu da son tankoki. Duk damina yakan bi ƙananan garuruwa da kyamararsa, daga gidajen tarihi zuwa bakin hanyoyi, duk inda aka girke wata don tunawa da matattu. Ya fi son masu abin ban mamaki: wadda tsuntsu ya yi sheƙa a bakin igwarta, wadda bishiya ta tsiro ta tsakiyar sarƙarta, wadda wani gari ya shuka mata furanni a ka kamar amarya. Ya san jikin ta Elm Fork fiye da nasa. An toshe igwarta, an yi wa murafunta walda, amma a can sama akwai wani faifan ƙarfe da noti ɗaya ke riƙe da shi, a ƙarƙashinsa rami kamar faɗin tafin hannu, inda madubin leƙe yake a da.

Shekara tara da suka wuce Delbert ya mutu. An ƙona gawarsa yadda ya bar wasiyya. Sauran wasiyyar kuwa mutum biyu kaɗai ya gaya wa, Orval da Verna, matar shi Delbert ɗin. Wata Lahadi da safe, kowa yana coci, Orval ya hau tankar da sufana, Verna ta miƙo masa mazurarin da take ɗura man tuya da shi, suka juye Delbert ta ramin nan. Ba su taɓa gaya wa kowa ba. Tun daga ranar Verna take cin abincin ranarta na Lahadi a bencin da ke gefen dakalin.

Gidanta yana kallon nasa. Ya same ta a baranda cikin tsohon kwat ɗin Delbert, ta riga ta ji labari.

"Ka ji abin da ya yi ƙara da asuba?" ta ce.

"Na ji."

"Ni na ɗauka cikinka ne." Ba ta yi dariya ba. "Lyle ya ce hotonka ne."

"Verna, ban san…"

"Yaushe ka taɓa sani? Je ka kawo min mijina kafin su wanke shi da tiyo."

"Awa biyar ce fa."

"Ka yi awa tara don ka ga wadda aka yi wa fenti ruwan hoda." Ta shiga ciki ta fito da burodi da nama a nannaɗe, da gwangwanin biskit babu komai a ciki, ta goge shi tas. "A nan za ka zubo shi. In kuma ka tsaya ɗaukar hoto a hanya, Orval, ka nemi wani garin ka zauna."

Ya kama hanyar kudu. Masara dama, masara hagu, sama a buɗe. A wani gari kusa da iyakar jiha ya wuce wata ƙaramar tanka ta yaƙin duniya na biyu a gaban ofishin 'yan kwana-kwana, wadda ba ya da hotonta. Ƙafarsa ta ɗaga daga totur da kanta. Ya mayar da ita. Duk hanyar yana shirya abin da zai faɗa, in ya shirya sai ya ji ba zai faɗu ba. Ta yaya mutum zai shiga wajen aikin mutane ya ce, don Allah wana yana cikin motarku?

Ƙarfe uku saura ya isa. A bayan gidan tarihin akwai wata babbar rumfar kwano inda ake gyara. Tankar tana kan tirela har yanzu, ba a ma sauke ta ba, amma an yanke waldar, murfin sama a buɗe. Bai taɓa ganin ta da baki a buɗe ba. Wata doguwar tiyo ta fito daga cikinta zuwa injin zuƙe ƙura mai ganga. Injin a kashe. Wata mata mai kimanin shekara arba'in, cikin rigar makanikai, tana zaune a kan taya, ta sauke takunkumi zuwa wuya, tana kallon teburin aiki. An rubuta Dena Ochoa a ƙirjin rigarta.

"Baba, nan ba wajen baƙi ba ne," ta ce ba tare da ta ɗago sosai ba. "Ƙofar shiga tana gaba."

"Daga Elm Fork nake."

Ta dube shi sosai. Ta miƙe. "To zo ka gaya min abin da ke damun mutanen garinku."

A kan teburin an jera kaya. Kwalaben magani manya guda uku. Siririyar kwalbar zaitun. Gwangwanin taba. Wata 'yar butar ƙarfe ta giya irin ta aljihu. Safa ɗaya ta ulu an ɗaure bakinta da igiyar takalmi. Duk a cike suke da toka, kowanne an manna masa suna, wani da rubutun ya dushe, wani kamar jiya aka rubuta. Orval ya sa tabarau. Harold Voss, wanda ya yi yaƙin Koriya, ya kuma koya masa tuƙin tarakta. Emmett Dvorak mai aski. Wani yaron gidan Lindgren da ya dawo daga Iraki bai yi shekara biyu ba ya rasu. Duk ya je jana'izarsu. Ya ci kek a gidajensu bayan an tashi.

"Na ɗauka ni kaɗai na san ramin," ya ce.

"Wanne? Na sama?" Ta ɗauko notin ta sa masa a hannu. "Duba. Duk jikin tankar nan tsatsa ce, wannan kuwa har mai aka sa masa. Da yatsu na kwance shi."

Ya juya notin. Sai ya tuna tun zuwan tankar nan babu yaron da ya tashi a Elm Fork bai hau ta ba.

"Kai ma ka sa wani," in ji Dena.

"Wana. Amma ba a kwalba ba. Juye shi muka yi."

Ta rufe ido. Ta nuna gangar injin da haɓa. "Da na leƙa na ga ƙasan cike da wani abu, na ce yashi ne da kashin tsuntsu. Minti ashirin ina zuƙa, ina ma waƙa. Sai na ji wani abu ya yi ƙara a cikin tiyo." Ta buɗe tafin hannunta. Wasu 'yan ƙarafuna ne masu kama da kwabo, guda uku, kowanne da lamba, irin waɗanda masu ƙona gawa ke haɗawa da toka don kada a ruɗe. "Wanne ne na wanka?"

"Babu. Nasa yana jikin makullin matarsa."

"Huɗu ke nan," ta ce. "Aƙalla."

A waje wata mota ta wuce da kiɗa.

"Kamata ya yi in kira shugabana, shi kuma ya kira 'yan sanda," in ji ta. "A rufe wajen nan, masu fararen riguna su zo, a kwashe su zuwa wani ɗaki a birni. Wata shida, ko shekara."

"Matarsa tana baranda tana jira. Shekararta saba'in da tara."

Dena ta dubi gwangwanin biskit da ke hammatarsa, ta dubi gangar. Ta ja wani tsaki mara ƙarfi, ta je lungu ta ɗauko sabon bokitin fenti mai murfi. Tare suka juye gangar a hankali, ita ta riƙe, shi ya tare da kwali. Ta karkaɗe matatar injin, ta hau tankar da ƙaramar tsintsiya ta share abin da ya rage a lungu-lungu, ta miƙo masa. Bokitin ya wuce rabi. Kwalaben kuma ta jera su a kwali, ta cusa tsumma a tsakaninsu.

"Ni shara na gani," ta ce. "Ka zo ka tafi da sharar garinku. Kai ne mai hoton lambar nan?"

"Ni ne."

"To hau ka leƙa kafin ka tafi. Ba kullum ake samun ta a buɗe ba."

Ya hau da ƙyar. Shekara arba'in yana son ganin cikin wannan tankar. Wuri ne ƙarami, ya fi yadda ya zata ƙanƙanta, ga kujerar direba can ƙasa, fatar ta zube, furfurar ƙura ta kwanta a kan ƙarfen. Kyamarar tana rataye a wuyansa. Ya daɗe yana kallo.

"Hasken ba kyau," ya ce, ya sauko.

Ya ɗaura wa bokitin bel a kujerar gefensa. Bai ci burodin ba. Rana ta faɗi kafin ya shiga layinsu, fitilar barandar Verna a kunne. Ya ajiye kwalin a matakala, ya koma ya ɗauko bokitin da hannu biyu.

"Ina gwangwanina?" ta ce.

"Ya yi kaɗan."

Ta sauko ta gwada ɗaga bokitin. "Delbert ko da ransa bai kai haka nauyi ba."

"Ba shi kaɗai ba ne, Verna."

Ya gaya mata a tsaye, da kaɗan-kaɗan. Ta zauna a matakala, ta buɗe kwalin, ta karanta suna biyu, ta rufe bakinta da hannu.

Ƙofar gidan da ke gefe ta buɗe. Marlys Hoekstra ce, maƙwabciyarsu, mai kaɗa molo a coci, wadda mijinta Arlen ya rasu hunturu uku da suka wuce. Duk garin ya san an kai tokarsa wani tafki a Minnesota inda yake kamun kifi, ita da kanta ta faɗa. Ta ratso ciyawa da silifas, ba ta gaishe su ba. Ta durƙusa gaban kwalin ta riƙa ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya zuwa hasken fitila, tana mayarwa. Ta kai kan safar, ta duba sunan, ta ajiye. Daga nan ta juya ta ɗora hannu a kan murfin bokitin. A bakin titi wata mota ta rage gudu, ta tsaya, aka kashe fitila, ba wanda ya fito.

"Orval," in ji Marlys, "in na je na ɗauko kwano, ta wane gefe zan ɗebi Arlen?"